Yadda ake wargaza albam a sake jera shi: mu gwada hannu da Terror Twilight na Pavement

Masu jin indie rock, wato kiɗan rock na ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, suna da wata sana'a da ba ta kawo ko sisi amma tana cin dare, wato a ɗauki tsohon albam da kowa ya yarda ya yi, a wargaza jerin waƙoƙinsa a sake jerawa, sannan a fito a ce ai da haka aka fitar da shi da ya fi. Wasu na ganin rashin kunya ce, wai kai wa za ka gyara wa masu abu abinsu. To amma akwai albam ɗaya da su kansu waɗanda suka yi shi sai da suka yi ta ja-in-ja a kan wace waƙa za ta zo farko, don haka da shi za mu koyi aikin, ba mai ce mana mun yi shisshigi.

Pavement ƙungiya ce ta Amurka, daga garin Stockton na jihar Kalifoniya, Stephen Malkmus da Scott Kannberg ne suka kafa ta a 1989. Albam ɗinsu na biyar kuma na ƙarshe shi ne Terror Twilight, ya fito a watan Yuni 1999, kamfanin faifai na Matador ya fitar a Amurka, na Domino a Ingila, kafin shekarar ta ƙare ma ƙungiyar ta watse. Furodusan da suka ɗauko shi ne Nigel Godrich, mutumin da ya yi wa ƙungiyar Radiohead ta Ingila albam ɗin OK Computer a 1997, to shi da aka gama aiki sai ya ce a buɗe da waƙoƙi masu nauyi da tsawo, mai sauraro ya san tun daga ƙofa cewa ba wasa aka zo yi ba, Kannberg kuma ya ce a'a, a fara da masu daɗin shiga kunne, kuma nasa aka bi. Sai a 2022 da Matador ta sake fitar da albam ɗin da sunan Terror Twilight: Farewell Horizontal aka buga jerin Godrich a kan faifan garmaho, mutane suka ji abin da aka hana su ji shekara 23. Ka ga kenan muna da jeri biyu na hukuma a hannu, namu zai zama na uku.

Na 1999 ga yadda yake: Spit on a Stranger, Folk Jam, You Are a Light, Cream of Gold, Major Leagues, Platform Blues, Ann Don't Cry, Billie, Speak, See, Remember (waƙa ɗaya ce), The Hexx, sai Carrot Rope ta rufe. Waƙa 11, wajen minti 44.

Na Godrich kuma: Platform Blues, The Hexx, You Are a Light, Cream of Gold, Ann Don't Cry a fuskar farko, sai a juya faifai a samu Billie, Folk Jam, Major Leagues, Carrot Rope, wani ɗan guntu mai suna Shagbag da bai shiga na 1999 ba, Speak, See, Remember, sannan Spit on a Stranger a can ƙarshe. Wato waƙar da Kannberg ya sa a bakin ƙofa ita Godrich ya sa ta kulle gida.

Matakin farko: ka ji shi yadda aka fitar da shi tukuna

Kar ka taɓa komai sai ka ji na asali daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba Shuffle, kuma ba kana cikin hira a majalisa ba. Wannan maɓallin na Shuffle, mai cakuɗa jerin waƙoƙi, shi ne babban abokin gabar aikin nan, har ta kai a 2021 mawaƙiya Adele ta nemi Spotify su daina sa shi a matsayin babban maɓalli a shafin albam lokacin da ta fitar da albam ɗinta mai suna 30, kuma suka yi mata. Idan asusunka na kyauta ne ka duba ko manhajar tana barin ka bi jeri yadda yake, in ba ta bari to ka nemi wata hanya, za mu zo kan wannan a ƙasa.

Kana ji kana lura da jikinka, don shi ne ma'auni. Inda hannunka ya kai kan waya zai danna gaba, rubuta. Inda hankalinka ya tafi tunanin kuɗin data, rubuta. Ba wai waƙar ce ba ta da kyau ba fa, sau da yawa mazauninta ne bai dace da ita ba, ta zo bayan wadda ta fi ta ƙarfi sai ta zama kamar ba ta nan. A na 1999 ni wurin da nake jin abin ya ɗan yi sanyi shi ne daga Ann Don't Cry zuwa farkon Billie zuwa farkon Speak, See, Remember, uku a jere duk da lallaɓawa suke farawa, kafin su kama wuta mutum ya fara lumshe ido.

Mataki na biyu: kowace waƙa a yi mata kati

Nan aikin hannu ne, kuma na fi son takarda a kan waya don ana iya shimfiɗa ta a tabarma a ga komai lokaci guda. Yanko takarda 11, kowace ka rubuta sunan waƙa a sama, ƙarƙashinsa abu huɗu: tsawonta, saurinta, yanayin da take sa ka, sai yadda take farawa da yadda take ƙarewa. Wannan na huɗun ya fi sauran ukun muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Ga misalin abin da za ka samu a kan katunan. Spit on a Stranger gajera ce, mai taushi, kusan minti uku, da ka ji ta sau ɗaya za ka iya bin amshin. Folk Jam akwai banjo a ciki, tana ɗan tsalle-tsalle irin kiɗan ƙauyen Amurka. Cream of Gold gita ce mai duhu da nauyi. Major Leagues a hankali take tafiya, waƙar dare. Platform Blues ita ce mai rigima, tana tsayawa tana tashi, kuma hamonikar da kake ji a ciki Jonny Greenwood na Radiohead ne ya busa, shi ne ma a Billie. Ann Don't Cry sanyi da ɓacin rai. Billie da gita mara wuta take farawa sannan ta yi tsawa. Speak, See, Remember tana farawa kamar ana kiɗan jaz a otal, ta canja fuska a tsakiya, ta ƙare da gita mai ƙarfi. The Hexx ita ce mafi tsawo, ta haura minti biyar da rabi, kuma ita ce mafi duhu. Carrot Rope wasa ce zalla, Malkmus da Kannberg da Mark Ibold mai gitar bas duk sun sa baki a ciki.

Maganar sauri ba sai ka nemi wata manhaja ba, ka riƙa buga ƙafa tare da ganga kana ƙirgawa na daƙiƙa 15, abin da ka samu ka ninka sau huɗu, shi ne bugunta a minti. Ba sai ya zama daidai cif ba, so kawai ake ka san wace ce ta fi wace gudu.

Mataki na uku: me kake so albam ɗin ya ce

Wannan ne zuciyar maganar, kuma a nan ne yawancin jerin da ake yawo da su a intanet suke faɗuwa. Mutum sai ya ɗauki waƙar da ya fi so ya sa ta ɗaya, ta biyu a so ta zama biyu, haka har ƙasa, to ai wannan ba jeri ba ne, sakamakon jarrabawa ne, kuma abin da zai faru shi ne minti 15 na farko wuta, sauran rabin awa kuma kana jan ƙafa.

Dubi mutanen nan biyu. Kannberg cewa yake wannan ƙungiya ce ta abokai masu barkwanci da waƙa mai daɗi, ku shigo ku zauna, duhun yana can ciki in kun saba, kuma a ƙarshe za mu rabu da dariya, shi ya sa Carrot Rope take rufewa. Godrich kuma cewa yake wannan albam ne na mutanen da suka gaji da juna, ga nauyin nan ku ɗauka tun da fari, in kun jure sai a saka muku da Spit on a Stranger. Waƙoƙi iri ɗaya, labari biyu. Kai ma kafin ka motsa kati ko ɗaya ka rubuta jimla guda a bayan takarda, misali "ina so ya fara da ƙarfi, ya yi laushi a tsakiya, ya ƙare cikin duhu", duk lokacin da ka rikice sai ka koma ka karanta ta. In waƙar da ka fi ƙauna ba ta dace da lamba ɗaya a wannan labarin ba to haƙuri za ta yi ta koma ta bakwai.

Mataki na huɗu: raba shi fuska biyu, ka kafa turaku huɗu

Ko da a waya za ka ji, ka yi kamar faifan garmaho kake haɗawa. Fuska ɗaya ta faifai tana ɗaukar kusan minti 22 ba tare da sauti ya lalace ba, kuma wannan ƙa'idar da ta zo daga roba da allura ta zo daidai da iya abin da kunne ke ɗauka kafin ya nemi hutu. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san abin, C-60 minti 30 kowane gefe, C-90 minti 45, dole ka yi lissafi kar waƙa ta yanke a tsakiya. Akwai ma wani dalili da ya sa tsofaffin albam da yawa suke rufe fuska da waƙa mai sanyi: idan allura ta matso tsakiyar faifai zagayen yana ƙanƙancewa, sauti mai ƙara da kaifi ba ya fita tas a wurin, sai injiniyoyi su tura masu hayaniya bakin faifai su bar masu taushi a ciki.

To wurare huɗu za ka fara cikewa: mai buɗe fuskar farko, mai rufe ta, mai buɗe ta biyu, da mai rufe albam. Sauran bakwai za su nemi wuri a tsakani.

Mai buɗewa ba lallai ta zama mafi kyau ba, aikinta ta faɗa maka wane irin gida ka shigo. Platform Blues a farko jarumta ce, ban ƙi ba, amma a ganina ta cika rikici ga kunnen da bai ɗumama ba, sannan a ɗora The Hexx a kanta, minti goma sun wuce ba ka sha iska ba, ga Cream of Gold na jiran ka a lamba huɗu. Kamar a ba ka tuwo ne, kana gamawa a turo ɗanwake, a biyo da dambu, ba ruwa a kusa. Spit on a Stranger a farko kuma matsalarta alkawarin da take yi, tana sa ka zaci duk albam ɗin haka yake da zaƙi, alhali ba haka ba ne. Ni Cream of Gold nake sawa, tana da nauyin da Godrich yake nema amma ba ta kai minti huɗu ba, ta faɗi abin da za ta faɗa ta ba da wuri.

Mai rufe fuskar farko Ann Don't Cry, nan kam na bi Godrich ba gardama, waƙa ce da ke son a yi shiru bayanta. Mai buɗe ta biyu dole ta zama wadda za ta dawo da wanda ya tashi shan ruwa, nan ne gidan Spit on a Stranger a wurina. Mai rufewa kuma The Hexx, don bayan wannan doguwar gitar ta ƙarshe ba na son jin komai, Carrot Rope a bayanta kamar an kunna fitila ne ana tsakiyar kallo.

Mataki na biyar: mahaɗa, inda aikin gaske yake

Yanzu ka cike tsakani, amma ba da ido ba, da kunne. Duk waƙa biyu da kake son su zauna kusa, kunna daƙiƙa 20 na ƙarshen ta farko, ka bar ta ta faɗa cikin daƙiƙa 20 na farkon ta biyu, da iyafis a kunne, ido a rufe in da hali. Abu uku kake nema. Na ɗaya, shin muryar kiɗan ta biyu ta zauna a kan ta farko ko kuwa ka ji wani ɗan karo kamar an taka maka ƙafa, ba sai ka san ilimin kiɗa ba, kunne zai faɗa maka. Na biyu sauri, kar a faɗo daga gudu zuwa rarrafe sai in da gangan ka yi. Na uku kayan kiɗa, waƙa biyu da suke farawa da gita mara wuta kar su bi juna, waƙa biyu masu hamonika ma haka, shi ya sa Platform Blues da Billie nake raba su fuska daban-daban, a na 1999 waƙa ɗaya ce kawai tsakaninsu.

Bari mu duba mahaɗa ɗaya da kyau. Speak, See, Remember tana ƙarewa da ƙarfi, gita na ta sara. A jerin Godrich, Spit on a Stranger ce ke biye da ita, wato daga hayaniya sai sassauci, kamar an sauke maka kaya. A na 1999 The Hexx ce ke biye, wato daga hayaniya sai a ƙara nutsawa. Gwada duka biyun a jere, sau biyu-biyu, za ka ji yadda daƙiƙa biyar ɗin farko na waƙar da ke biye suke canja ma'anar wadda ta wuce. Ni na bar ta yadda Kannberg ya yi, wannan mahaɗar ba ta buƙatar gyara, kuma wannan ma darasi ne a aikin, ba dole sai ka motsa komai ba don a ce ka yi aiki, You Are a Light da Cream of Gold ma duk su biyun sun bar su manne da juna, ni dai juya su kawai na yi.

Wata dabara: kar masu sanyi su wuce biyu a jere, masu nauyi ma haka. In ka ga katuna uku masu yanayi ɗaya sun taru, zaro na tsakiya ka nema masa wani wuri.

Ga abin da ya fito min. Fuskar farko: Cream of Gold, You Are a Light, Folk Jam, Major Leagues, Platform Blues, Ann Don't Cry. Fuska ta biyu: Spit on a Stranger, Billie, Carrot Rope, Speak, See, Remember, The Hexx. Ta farkon ta kai wajen minti 23 da rabi, ta biyun ba ta kai 22 ba, in da faifai za a buga da sai injiniya ya yi tsaki, amma a waya ba wanda zai kama ni.

Mataki na shida: a ƙara ko a cire?

Nan ake faɗa sosai. Kowa zai ce maka ina Harness Your Hopes, waƙar da aka ɗauka tun zamanin Brighten the Corners na 1997 aka bar ta a gefe, ta fito a bayan faifan Spit on a Stranger a 1999, sannan bayan shekaru Spotify da TikTok suka ɗaga ta har ta zama waƙar Pavement da aka fi ji. Jarabar saka ta tana da ƙarfi. Ni ba na sawa, don ba aikin Godrich ba ce, sautinta daban yake, da ta shigo za ka ji kamar an canja ɗaki. Amma in za ka sa, ka kafa wa kanka doka tun farko: ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, kuma tsawon kar ya wuce minti 45 ko kusa da haka, in ba haka ba ka tashi daga gyaran albam ka koma tara waƙoƙi. Kuma ka duba ƙarfin sauti, waƙar da ta fito daga wani faifai takan fi sauran ƙara ko ta gaza su, a Spotify akwai wurin daidaita ƙarar sauti a saituna, in fayil ne kuma manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce, za ta rage ko ta ƙara maka.

Masu son Radiohead sun kai abin wani mataki ma, suna saƙa OK Computer da In Rainbows na 2007 waƙa ɗaya daga nan ɗaya daga can, su sa Crossfade, wato ƙarshen waƙa ya narke cikin farkon mai biye, na daƙiƙa 10 su ce ai dama albam ɗaya ne aka raba. Wannan wasa ne na daban, sai ka ƙware a albam ɗaya tukuna.

Mataki na bakwai: haɗa shi a waya

In Spotify ko makamanciyarta kake amfani da ita, buɗe sabon jerin waƙoƙi, zuba su, ja kowace zuwa mazauninta. Ka shiga saituna ka kunna Gapless, mai hana shiru tsakanin waƙa da waƙa, Crossfade kuma ka bar shi a sifili, duk da yana kaiwa daƙiƙa 12, don yana cinye farkon waƙa da ƙarshenta, wato daidai wurin da ka sha wahala a kai.

In kuma fayilolin suna kan memori ne, kwafe su zuwa sabuwar folda, kar ka taɓa na asali. Sake musu suna da lamba a gaba, 01, 02, 03 har 11, da sifilin nan fa, in ka rubuta 1, 2, 3 wasu wayoyi da rediyon mota za su kawo 10 da 11 kafin 2. Wasu manhajojin kuma ba sa kallon sunan fayil sam, lambar da ke cikin bayanan waƙar suke bi, sai ka ga sun mayar maka da jerin 1999 kana ta mamaki, to Mp3tag a kwamfuta ko Musicolet a Android za su bar ka ka gyara lambar, kuma ka canja sunan albam ɗin a ciki ko da da ƙarin harafi ɗaya ne, don kar waya ta cakuɗa naka da na asali ta ba ka waƙa 22. VLC ma tana haɗa jeri ba tare da ka canja sunan komai ba.

Tsakanin fuska ta farko da ta biyu ka sa shiru. Buɗe Audacity ka ƙirƙiri fayil na daƙiƙa 15 ko 20 da ba komai a ciki, ka ba shi lamba 07, sauran su matsa gaba. A manhajar da ba ta karɓar fayil ɗinka kuma sai ka raba jerin gida biyu, A da B, ka riƙa tashi da kanka kana kunna na biyun.

Daga nan sai ka ajiye shi kwana biyu ko uku ba ka ji ba, don ranar da ka haɗa komai zai yi maka daɗi tunda kai ka yi. In ka dawo ka ji shi a sifika, ka ji a iyafis, ka ji a mota in akwai, sannan ka tura wa wani da bai taɓa jin albam ɗin ba jerin sunayen ya haɗa a wayarsa, kar ka faɗa masa ba na asali ba ne, ka tambaye shi abu ɗaya tak, a wace waƙa ce ya fara duba WhatsApp. Waƙar da ya ambata ka ciro katinta da na wadda ke gabanta, ka koma mataki na biyar da su biyun.